Kafin a sayi fitilar noma a Karaye da Rogo, a fara auna hasken rana

Duk mai riƙe da babbar waya da ya taɓa neman bayani kan noman zamani ya san abin da ke biyo baya. Facebook da TikTok za su shiga turo masa bidiyon wasu ɗakuna masu haske ruwan hoda, an jera salak da tumatir hawa-hawa kamar kaya a kanta, babu ƙasa, babu rana, babu ruwansu da damina ko rani. A ƙarshen bidiyon kuma sai ga lambar mai sayar da fitilar.

Tallan ba ya tambayar inda mutum yake zaune. Yadda yake isa wayar mutumin Landan, haka yake isa wayar matashin da ke Daura ta ƙaramar hukumar Karaye (ba Daurar Katsina ba), ko na Zarewa da Fulatan a Rogo, wanda ya gama karatu, ya haɗa ɗan jari, yana neman sana'ar da ba ta buƙatar babbar gona. Shi ne ya fi kowa shiga haɗarin zuba kuɗinsa a kan kayan da bai san yadda ake auna su ba.

Bahaushe ba ya sayen hatsi sai ya ga tiya. Haske ma ana auna shi, kuma wanda ya koyi awon zai gane cewa a wannan yanki fitilar noma ba ta da aikin yi sai a wurare 'yan kaɗan.

Ido yana ruɗar mutum

Matsalar farko ita ce idon ɗan Adam ba ma'auni ba ne. Yana daidaita kansa da duk hasken da ya tarar. Falon da aka kunna wa ƙwan fitila biyu ko uku, mutum ya ce ya yi haske tar, da ƙyar yake kai luks 300 zuwa 500. Luks shi ne ma'aunin haske kamar yadda ido ke ganinsa. Rana tsaka a filin Allah kuwa tana kai luks 100,000. Wato abin da ido ke kira ɗaki mai haske bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na hasken tsakar gida ba.

Abu na biyu, abin da ido ke so daban, abin da ganye ke so daban. Ido ya fi jin haske mai launin kore, wanda ke wajen nanomita 555 a ma'aunin launuka. Shuka kuwa tana haɗa abincinta ne da dukkan hasken da ke tsakanin nanomita 400 zuwa 700, daga shuɗi har zuwa ja, kuma shuɗin da jan nan da ido ke gani dushi-dushi suna cikin waɗanda suka fi yi mata aiki. Binciken da masanin nan Keith McCree ya wallafa a 1972 ne ya kafa tushen wannan awo da ake amfani da shi har yau.

Shi ya sa masana aikin gona ba sa auna hasken shuka da luks. Suna ƙirga ƙwayoyin hasken da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya a kowace daƙiƙa, da ma'aunin da ake kira maikiromol. A jikin kwalin fitilar kirki za a ga an rubuta shi da haruffan PPFD. Rana tsaka tana ba da kusan maikiromol 2,000. Falon nan mai haske tar bai wuce 7 ba.

Amma shuka ba ta rayuwa da ƙarfin haske na daƙiƙa ɗaya. Abin da ya dame ta shi ne jimlar da ta tara daga safe zuwa dare, kamar yadda manomi ke duba yawan ruwan da ya sauka a damina gaba ɗaya maimakon ƙarfin hadari ɗaya. Wannan jimla da mol ake auna ta, kuma lissafinta ba shi da wahala: a ninka maikiromol da yawan awannin da hasken ya yi, sannan a ninka da 0.0036. Fitilar da ke sauke maikiromol 200 a kan ganye na tsawon awa 16 ta ba da mol 11.5 ke nan a yini.

To, nawa shuka ke buƙata? Salak yana son mol 12 zuwa 17 a yini. Tumatir da tattasai da kokwamba, waɗanda sai sun yi fure sun ɗauki 'ya'ya, suna son 20 zuwa 30.

Nawa kuma rana ke bayarwa a jihar Kano? A matsakaicin lissafi, kowane murabba'in mita yana samun ƙarfin rana da ya kai yunit 5 zuwa 6 na wutar lantarki a yini, wanda idan aka juya shi zuwa ma'aunin shuka ya kama kusan mol 40. Ko a watan Agusta mai yawan hadari, ko a tsakiyar hazon hunturu, abin da ke saukowa a yawancin ranaku ya ishi tumatir. Kwatanta da ƙasar Holan, inda aka fi shahara da noma a gidajen gilashi: a watan Disamba hasken da suke samu a yini ba ya kai mol 5. Fitila a wurinsu larura ce. An ƙirƙiro ta ne domin maganin ciwon da Karaye ba ta fama da shi.

Lissafin da mai talla ba ya yi

Fitilar LED mai kyau ta gaske, irin wadda manyan gonaki ke saya, tana mayar da yunit ɗaya na wuta zuwa kusan mol 9 na haske. Ke nan murabba'in mita ɗaya na salak zai ci kusan yunit 2 a yini, na tumatir kuma yunit 3.

Tun watan Afrilun 2024 da hukumar NERC ta ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, yunit ɗaya ya haura naira 200. Su ne kuma kawai aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a yini, wadda fitilar da za ta yi awa 16 a kunne ke buƙata. A bar shi a naira 200 cif domin sauƙin lissafi. Salak zai ci naira 400 kullum, naira 12,000 a kwana 30, a kan fili mai faɗin ƙaramar tabarma. Tumatir zai ci naira 600 kullum, naira 60,000 a kwana 100, a kan filin da bai ɗauki fiye da gindi biyu ko uku ba. Wanda ya shuka murabba'in mita 10 a ɗakinsa zai biya naira 600,000 kuɗin hasken kaɗai.

Ba a saka kuɗin fitilar ba, ba a saka taki da iri ba, ba a kuma saka sanyaya ɗakin ba. Duk wutar da fitila ta ci a ƙarshe zafi take komawa a cikin ɗakin, kuma wanda ya san zafin watan Afrilu a ƙarƙashin rufin kwano ya san abin da hakan ke nufi. Tumatir ma dai zubar da fure yake yi idan zafi ya yi yawa.

Duk wannan lissafi na wanda ke da wutar KEDCO ta awa 20 ne. Mutumin ƙauye a Karaye ko Rogo ya san yadda wuta take a wurinsa, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, yunit ɗin janareta ya fi na kamfani tsada nesa ba kusa ba.

Sai a ce to a sa sola. Nan ne abin ya koma ban dariya. Faifan sola yana kama kusan kashi 20 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. Murabba'in mita ɗaya na faifai a Kano yana ba da kusan yunit ɗaya a yini, wanda fitila za ta mayar mol 9. Wato an tare ranar da ta zo da mol 40 kyauta, an bi da ita ta waya da batir da inbata, an fito da mol 9 a cikin ɗaki. Kamar mutum ne ya ɗebi ruwa a madatsar Challawa da kwando, ya kai gida abin da ya maƙale a jikin kwandon, alhali gonarsa a bakin ruwan take.

Ba a Najeriya kaɗai lissafin ke ƙin fita ba. A Amurka, inda wuta ba ta ɗaukewa kuma ganyen salak ke da tsada, kamfanin AeroFarms ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a watan Yunin 2023. Bowery Farming ya rufe a watan Nuwambar 2024, Plenty kuma ya garzaya kotu a watan Maris na 2025. Infarm na Jamus ma ya durƙushe a 2023. Waɗannan kamfanoni ne da masu zuba jari suka antaya wa ɗaruruwan miliyoyin daloli, kuma kuɗin wuta yana cikin manyan abubuwan da suka karya su.

Wani zai kawo misalin Dubai, inda rana ta fi ta Kano zafi amma aka buɗe katafariyar gonar cikin ɗaki ta Bustanica a 2022. Gaskiya ne. Sai dai dala miliyan 40 aka kashe, a ƙasar da ba ta da ruwan noma ko ƙasar noma, kuma babban mai sayen ganyen shi ne kamfanin jiragen sama na Emirates. Karaye kuwa tana da madatsar Challawa da aka kammala a 1992, mai ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 900, ga fadamun Rogo da suka yi suna wajen rake. Ruwa da ƙasa da rana duk suna nan.

Wat dubu a kwali, wat ɗari a soket

Ga wanda duk da haka yake da dalilin saye, akwai wani tarkon. Fitilun araha da ake turowa daga kasuwannin intanet sun saba ɗaukar lamba mai girma a jikin kwali: wat 600, wat 1,000, har 2,000. Sau da yawa lambar ba wutar da fitilar ke ja ba ce. Ko dai jimlar abin da 'yan ƙwayayen fitilar za su iya ɗauka ne idan an matsa musu, ko kuma wani kwatance ne da tsofaffin fitilu. Idan aka maƙala ƙaramin ma'aunin wuta a soket, ko aka duba mitar kati bayan awa ɗaya, fitilar wat 1,000 tana iya fitowa wat 100 da 'yan kai.

Ko wat ɗin gaskiya ma ba ya faɗin yawan hasken da ya isa ganye. Ma'aunin abin da fitila ta ci ne, ba na abin da ta bayar ba. Tambayar da ya kamata a yi wa mai sayarwa ita ce: maikiromol nawa take saukewa, daga tsayi nawa, a kan fili mai faɗin nawa? Kamfanin kirki yana ba da taswirar da ke nuna lambar a tsakiya da gefe da kusurwa. Mai algus kuwa lamba ɗaya yake bayarwa, wadda aka auna daidai ƙarƙashin fitilar a tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Haske yana raguwa da sauri idan aka ja da baya. Ga ƙwan fitila guda, ninka tazara sau biyu yana mayar da haske kashi ɗaya cikin huɗu.

Alamar ƙarancin haske duk mai lambu ya san ta. Dashe ya yi tsawo siriri, ganyensa ya koɗe, karansa ya kasa ɗaukar kansa ya kwanta. Matsalar ita ce kafin alamar ta bayyana an riga an yi asarar iri da makonni uku.

Abin da wayar hannu za ta iya

Na'urar da ke auna maikiromol kai tsaye, irin ta kamfanonin Apogee da LI-COR, ɗaruruwan daloli ce, ta fi ƙarfin ƙaramin manomi. Amma waya tana da na'urar jin haske, kuma akwai manhajoji da ke nuna luks, da wasu kamar Photone da ke ƙiyasta maikiromol. Ba su da daidaito kamar na'urar gaske, kuma waya biyu na iya ba da lamba biyu a wuri ɗaya. Duk da haka sun fi ido nesa ba kusa ba.

Idan hasken rana ake aunawa, a raba luks da 54, a samu maikiromol. Idan farar fitilar LED ce, a raba da kusan 70. Idan kuwa mai ruwan hodar nan ce, wadda ja da shuɗi kawai take fitarwa, luks ba shi da amfani ko kaɗan, domin ma'aunin ido ne aka sa ya auna launukan da ido ba ya gani sosai. A auna a daidai tsayin ganye, wayar na kallon sama, a wurare da dama har da kusurwoyi, ba a tsakiya kawai ba.

Inda wayar ta fi amfani shi ne kwatanta wuri da wuri, domin ko da lambarta ta karkace, karkacewar iri ɗaya ce a duka awon biyu. Kuma a nan ne awon haske ya zama abin da ya shafi manomin Karaye da Rogo na gaske, wanda bai taɓa tunanin sayen fitila ba.

Mai rumfar leda ya auna waje, ya auna ciki. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan ledar sannu a hankali, ido ba ya lura, amma waya za ta nuna yawan hasken da aka rasa, ta kuma nuna bambancin bayan an wanke. Wanda ya sayi ragar inuwa da aka ce masa kashi 30 take tarewa zai iya tabbatarwa cikin minti biyu ko kashi 30 ɗin ne ko 60. Mai renon dashen tumatir da attaruhu a ƙarƙashin mangwaro zai ga ko inuwar ta yi yawa. Matar da ke cikin gida, mai shuka alayyafo da yakuwa da zogale a buhuna, za ta iya gane wane lungu na tsakar gida ne ke samun rana awa shida, wanne ne katanga ke tare shi tun hantsi. Ginin gidan Bahaushe ma ya riga ya bar tsakar gida a buɗe ga sama, abin da mazaunin benen Turai ke biyan kuɗi yana kwaikwaya.

Matsalar tumatirin damina, wadda ke sa kwando ya yi tashin gwauron zabo kamar yadda aka gani a tsakiyar 2024, ba ta rashin haske ba ce. Dukan ruwan sama ne, da danshi, da cututtuka, da ƙwari irin tsutsar nan da ta yi ɓarna a 2016 har aka yi mata laƙabi da Ebolar tumatir. Masu tallan noman ɗaki suna da gaskiya da suke cewa rufaffen wuri yana kare shuka daga waɗannan. Amma rufin leda da bangon raga ma suna karewa, kuma suna barin rana ta shiga.

Dare ma yana da aikinsa

Akwai wani ɓangaren awon haske da manoman wannan yanki suka daɗe da sani tun kafin masana su ba shi suna. Dawar gargajiya irin su kaura da farafara, da maiwa, da waken kanannado, da zoɓorodo, ba sa fure sai dare ya fara tsawo a ƙarshen damina. Ko an shuka da wuri ko an makara, kusan lokaci ɗaya suke fitar da kai. A faɗin ƙasar Kano, bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce awa ɗaya da rabi ba, amma waɗannan shuke-shuke suna jin sa. Masu bincike biyu na Amurka, Garner da Allard, su suka bayyana wannan ɗabi'a a kimiyyance a 1920.

Wanda bai san wannan ba sai ya ɗauka ƙarin awanni ƙarin amfani ne, ya bar fitila a kunne dare da rana. Shukar da ke jiran dogon dare ba za ta yi fure ba. Tumatir kuwa, ganyensa rawaya yake yi idan aka hana shi duhu gaba ɗaya. Har fitilun sola na kan titi da ake ta kafawa a ƙauyuka sun cancanci a sa musu ido idan gonar waken soya na kusa, domin an san hasken dare yana jinkirta furensa.

Inda fitilar ke da gurbi

Babu mai musun cewa LED babbar ƙirƙira ce. Shuɗiyar LED da ta buɗe hanyar farar fitila ita ta ba Akasaki da Amano da Nakamura kyautar Nobel a 2014, kuma da irin wannan haske aka noma salak ɗin da 'yan sama-jannati suka ci a tashar sararin samaniya a watan Agustan 2015. A Najeriya ma tana da gurbi, amma a inda abin da ake nomawa ƙarami ne mai daraja. Ɗakunan gwaji da ke yaɗa tsaftataccen irin rogo da doya, kamar yadda cibiyar IITA ke yi a Ibadan, suna rainon dubban 'yan tsirrai a kan kantoci da haske kaɗan. Masu haɓaka iri a Ostareliya da Ingila sun nuna a 2018 cewa da hasken awa 22 ana iya samun zuriya shida ta alkama a shekara ɗaya. Irin wannan aiki ne ya dace da cibiyar IAR ta Samaru da Cibiyar Nazarin Noman Tsandauri ta Jami'ar Bayero, inda kuɗin wutar bai kai darajar irin da za a fitar ba. Mai kajin ƙwai ma yana cin ribar fitila, domin kaza na buƙatar hasken kusan awa 16 amma mai rauni ƙwarai, wanda ƙwan fitila na gida da ƙaramin batir suka isa.

Abin da ya rage aikin hukumomi ne, kuma ba mai tsada ba ne. Hukumar SON tana da hurumin tilasta wa masu shigo da fitilun su rubuta ainihin wutar da suke ja da hasken da suke bayarwa. Hukumar KNARDA, wadda malaman gonarta ke zagaya ƙauyuka, za ta iya ajiye na'urar awo ta gaske ko da guda ɗaya a kowace shiyya, wadda masu rumfar leda za su gwada wayoyinsu da ita. Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta da reshen NIHORT na Bagauda za su iya koyar da lissafin mol ɗin nan a darasi guda. Kuma duk shirin tallafa wa matasa da ya zo da noman cikin ɗaki a takardarsa, ya kamata a tambaye shi yunit nawa kowane kilo zai ci, kuma wa zai biya kuɗin wutar bayan an gama bikin ƙaddamarwa.

Matashin Daura mai ɗan jari kuwa ba sai ya jira su ba. Daga ƙarshen damina masu noman rani ke fara neman dashe, kuma da yawansu suna sayen na wasu ne. Kuɗin fitila ɗaya da batirinta zai sayi ragar inuwa, da tiren reno, da irin tumatir mai inganci. Sauran aikin shi ne ya fita bayan gida da wayarsa da ƙarfe tara, da azahar, da la'asar, ya rubuta lambobi ukun da ta nuna kafin ya kafa ko da sanda ɗaya.